Gwangwanin Mai Gyaran Agogo

A bazarar 1853 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ƙasar Hausa ta sani da Abdulkarim, ya yi zaman kusan wata guda a Wurno yana jiran sallamar Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Cikin kyaututtukan da ya miƙa wa sarki har da wani ɗan akwati mai kiɗa da kansa. Abin ya ƙayatar da sarki ƙwarai, ya aika a kira masa Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo shi ma ya zo ya sha kallo. Waziri na isowa, akwati ya yi gum. Barth ya ɗora laifin a kan sauyin yanayi da jijjigar doguwar tafiya, har ya shawarci matafiyan da za su biyo bayansa su daina kai irin wannan kyauta, tun da ba ta da wuyar lalacewa.

Abin da ke cikin akwatin nan shi ne abin da ke cikin agogo: zaren ƙarfe da ake nannaɗewa, da ƙananan tayoyi masu haƙora da ke miƙa wa juna ƙarfi. Maƙeran agogo na birnin Geneva ne ma suka ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 18. Ke nan matsalar da ta haifi sana'ar gyaran agogo a gabashin Sakkwato ta nuna kanta a fadar Wurno shekara 50 kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903. Na'ura takan iso lafiya ko da rauni, amma wanda ya ƙera ta da kayan gyaranta suna can bayan hamada da teku.

Kada a ɗauka mutanen da aka kai wa irin wannan kaya baƙi ne ga lissafin sama. Lokacin da matafiyi Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya buɗe wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar taurari, sai ya tarar sarkin ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Euclid cikin Larabci, Bello ya gaya masa ai da ma gidansu akwai kwafi, gobara ce ta cinye shi. Wannan Bellon ne ya mayar da Wurno mazauninsa na ribaɗi, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake.

A garuruwan ribaɗi irin su Wurno da Gandi, inuwa ce agogon jama'a. Duk almajirin da ya yi Risala a zaure ya san ƙa'idar: idan rana ta gusa daga tsakiyar sama inuwa ta soma ƙaruwa, azahar ta shiga, idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ɗan abin da ya rage mata da tsakar rana, la'asar ta yi. Ladan yakan tsaya a fili ya dubi inda inuwar kansa ta ƙare, ya auna da tafin ƙafarsa, a bisa lissafin cewa tsayin mutum kamar ƙafa bakwai ne da ƙafar kansa. Aikin yana son lura, domin inuwar tsakar rana ba ta zama wuri ɗaya. A wannan yanki, wanda ke kan daraja 13 arewa da tsakiyar duniya, rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwa kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. Da dare sai a koma ga taurari: Gamzaki mai shelar asuba, Zara matar wata, Kaza da 'ya'yanta. Yini kuwa an riga an yanka shi gunduwa-gunduwa, daga asuba zuwa hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru, lisha, har talatainin dare, kuma ba wanda ya taɓa rasa alkawari don an ce masa a haɗu da hantsi.

Mulkin mallaka ne ya zo da lokacin da ba ruwansa da inuwa. Kotu, bariki, ofishin haraji da makaranta duk suna son a zo a kan ƙarfe kaza. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, ya tsaya nan bai ƙarasa Sakkwato ba, amma duk fatake da masu kai gyaɗa da fatu tasha sun koyi cewa shi ba ya jiran kowa. A 1919 aka ɗora Najeriya gaba ɗaya a kan lokaci guda, awa ɗaya gaba da na Greenwich. Ɗan sarautar da aka haifa a Rabah, Ahmadu Bello, yana cikin rukunin farko na yaran yankin da suka tashi a ƙarƙashin ƙararrawa: makarantar lardi a Sakkwato, Kwalejin Katsina har 1931, sannan ya dawo ya yi malanta kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934.

Agogon farko da talakan karkara ya yi hulɗa da shi kuwa, da tarkace aka haɗa shi. Guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon rim na babbar mota, a rataye a reshen dogon yaro, a ba wani yaro ƙarfe ya riƙa bugawa. Agogo ɗaya ne tak a wurin, a aljihun hedimasta ko a hannunsa, sauran gari kuma su ji a kunne. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya watsa makarantu cikin ƙauyuka, sai rim ɗin nan ya bi su. Har yau akwai makarantun da shi ne ke kiran yara.

Sai dai agogon gwamnati bai taɓa daidaita da ranar Sakkwato ba, kuma dalilin lissafi ne. An yanka lokacin Najeriya a kan layin daraja 15 gabas, wanda ya bi ta kusa da birnin Njamena. Gandi da Goronyo suna wajen daraja 5 da ɗoriya, kowace daraja kuma minti 4 ce. Saboda haka tsakar rana ta gaskiya takan makara da kimanin minti 37 a kan ƙarfe 12 na agogo. Ƙari a kan haka, ita kanta rana tana gaba tana baya cikin shekara: a farkon Nuwamba takan tsaya tsaka wajen 12:20, a tsakiyar Fabrairu sai wajen 12:50. Shi ya sa mai azumi a Maiduguri yake shan ruwa kusan rabin awa kafin na Wurno, alhali agogunansu abu ɗaya suke nunawa. Tsofaffin ladanai da suka ci gaba da leƙa inuwa bayan an rataya musu agogo a masallaci suna da hujjarsu.

Agogon hannu da na aljihu sun shigo ta kantunan Turawa, irin su UAC da John Holt da G.B. Ollivant, da UTC ta mutanen Suwizalan, daga nan 'yan koli su ɗauka su shiga da su kasuwannin ƙauye. Masu arha a cikinsu jikokin wani agogo ne da Georges Roskopf ya fito da shi a 1867 musamman don leburori, wanda aka rage masa kayan ciki aka sa ƙusoshin ƙarfe a inda masu tsada ke da duwatsu. Yana aiki, amma ba ya daɗewa bai ci kansa ba. Rediyo ya ƙara wa abin armashi. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, mai agogo ya sami inda zai saita nasa, kuma kalmar nan ta agogon GMT da agogon Najeriya da Nijar ta shiga bakin mutanen da ba su taɓa ganin Landan ba.

Ambaliyar gaske ta zo ne a shekarun 1970, ta hanyoyi biyu. Ɗaya kuɗin man fetur da ariyas ɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975. Ɗaya kuma jirgin alhazai. A 1977 maniyyatan Najeriya sun haura 100,000, kuma da wuya alhaji ya sauko ba agogo a jakarsa, nasa da na tsaraba. Seiko 5, wanda Japan ta fito da shi a 1963, shi ne sarki: ba ya son wani, motsin hannu ke ɗaure masa zare, ga rana ga kwanan wata a fuska. Sai Citizen da Orient, sai West End da ta daɗe da kama kasuwar ƙasashen Larabawa, sai Rado mai ƙyalli ga wanda aljihunsa ya yi nauyi. Manomin da ya sayar da albasa ko tafarnuwa ko shinkafar fadamar Wurno yakan sayi keke da rediyo da agogo, ba lallai a wannan jeri ba. Ɗakin amarya ma bai cika ba sai da agogon bango a saman jeren kwanoni, ko ɗan na tebur na ƙasar Sin mai ƙararrawa biyu, wanda aka zana wa kaza tana tsattsagar tsaba da kowace daƙiƙa. Kirarin agogo sarkin aiki ya zauna daram.

Amma sarkin aiki yana da maƙiya a wannan ƙasa, kuma babbansu ƙura. A cikin agogo mai wani akwai wata 'yar taya da ke kai da komowa a kan zare siriri kamar gashi, tana bugawa sau biyar ko shida a daƙiƙa ɗaya, wato sau 18,000 ko 21,600 a awa. Ƙafafunta sun fi allura siranta, suna juyawa cikin ɗigon mai da ido ba ya gani sosai. Idan hunturu ya busa, ƙura ta sami kafa ta shiga, sai ta haɗu da man nan ta zama abin goge ƙarfe. Zafin bazara, wanda kan wuce 40 a ma'auni, ya busar da sauran man. Ga gumi, ga ruwan alwala sau biyar a yini yana bi ta wajen maɓallin wani. Agogon da zai yi shekaru a Turai ba a buɗe shi ba, a nan sai ya soma latti, ko ya kama gudu, ko ya tsaya cik.

Nan mai gyara ya shigo. Shagonsa bai wuce tebur ɗaya da akwatin gilashi ba, a bakin kasuwa ko kusa da tasha ko a inuwar masallacin Juma'a. Kayan aikinsa gilashin ido ɗaya, da matsefata, da ƙananan sukundireba, da ɗan buroshi, da murfin kwalba da ake zuba fetur a wanke inji. Mutumin Gandi ko Rabah da agogonsa ya tsaya, ko dai ya jira ranar kasuwa mai gyara ya zo da akwatinsa, ko ya ba direba ya kai masa Sakkwato. Abin da ya gagari Sakkwato sai Kano, wajen Sabon Gari. Ba makaranta ake zuwa a koya ba. Yaro yakan zauna gefen maigidansa yana sa gilashi da sarƙa, a hankali a bar shi ya kwance agogon tebur mai manyan haƙora, sai hannunsa ya daina rawa a ba shi na hannu.

Jarin mai gyara na gaske yana ƙarƙashin tebur: gwangwanin Bournvita ko na madara, cike da matattun agoguna. Ba wani kamfani da ke aiko masa da kayan gyara daga Suwizalan ko Japan, in ma akwai su a Legas, kuɗinsu ya fi na agogon. Don haka duk agogon da mai shi ya haƙura da shi, ko aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba, gwangwani zai faɗa. Kamar yadda mahauci ba ya zubar da komai a jikin sa, haka mai gyara yake yi wa mataccen agogo: zaren wannan, tayar wancan, hannuwan na uku, gilashin na huɗu. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, sunayen da ke fuskar agogo sun fi injinan da ke cikinsu yawa nesa ba kusa ba. Kamfanoni ƙalilan ne a Suwizalan ke ƙera inji, ɗaruruwan masu suna su saya su sa a gidajensu. Gwanin mai gyara yakan gane haka da ido, ko da bai iya karanta lambar da aka buga a jikin injin ba. Ya san cewa wannan mai sunan zinariya da wancan na 'yan koli cikinsu ɗaya. Inda abu bai shiga ba kuma sai a yi masa dabara: a goge ƙafar taya da dutse, a rage tsawon zaren da ya tsinke a lanƙwasa masa sabon ƙugiya a kan wutar ashana, a yanka gwangwani a yi zoben da zai riƙe ƙaramin inji cikin babban gida. Sakamakon shi ne agogon da fuskarsa ta Japan ce, cikinsa na Suwizalan, sarƙarsa ta Hong Kong, kuma yana ba da lokaci.

Sana'ar ba ta rasa zargi ba. An daɗe ana cewa masu gyara suna sace duwatsun agogo, waɗanda ake rubuta adadinsu a fuska, 17 ko 21. Gaskiyar magana, duwatsun nan yakutu ne na haɗi da ake narkawa a masana'anta tun farkon ƙarni na 20, kuma wahalar cire ɗaya ta fi kuɗinsa. Zargin da ya fi kama hankali shi ne na musanya, a ɗauke lafiyayyen abu a sa gajiyayye. Wannan kam ya danganta da tsoron Allah na mai tebur, shi ya sa mutum kan yi shekaru wurin mai gyara ɗaya ba ya canzawa.

A ranar Kirsimetin 1969 kamfanin Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai aiki da batir da ɗan dutsen kwatz, wanda ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa a irin da ya zama gama-gari daga baya. Cikin shekara 15 ma'aikatan agogo a Suwizalan suka ragu daga wajen 90,000 zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan. A kasuwannin Arewa abin ya zo da fuska biyu. Agogon roba mai lambobi, irin Casio F-91W na 1989 da dubban kwaikwayonsa, ya fi kowane mai wani daidaito, kuma ba abin gyarawa a cikinsa sai sauya batir. A gefe guda kuma, karyewar naira daga 1986 ta sa sabon Seiko ya fi ƙarfin malamin makaranta, sai kowa ya lallaɓa tsohon da yake da shi. Shekarun nan na tsuke bakin aljihu su ne suka ƙara wa gwangwanin mai gyara daraja na ɗan lokaci, domin a lokacin ne aka fi tono matattu a raya masu rai.

Wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ita ta ƙarasa aikin. Matasan da da za su gaji teburin agogo sun koma gyaran waya, da matsefata iri ɗaya da dabara iri ɗaya ta ciro allon wannan a sa wa wancan.

Abin mamaki, a daidai lokacin da sana'ar ke ja da baya a nan, tarkacen agogo suka zama kayan ado a Turai da Amurka. Akwai wani salo da ake kira steampunk, sunan da marubucin Amurka K. W. Jeter ya laƙaba a 1987 ga labaran da ke hasashen duniyar da ta ci gaba da injin tururi da tagulla irin na zamanin Sarauniya Victoria. Daga littafi abin ya koma sana'ar hannu: masu yi sukan bi kasuwannin gwanjo su sayi tsofaffin injinan agogo, bututun tagulla da ma'aunin tururi, su haɗa agogon bango ko na tebur mai kama da na shekara 150 da suka wuce, su sayar a intanet da tsada. Wasu daga ciki gwanaye ne na gaske. Amma a mafi yawan abin da ake sayarwa, haƙoran da ke fuska manne suke da gam, ba sa juya komai, kuma can baya wani ɗan inji mai batir na ƙasar Sin ne ke tura hannuwa. Idan aka ajiye irin wannan a gaban tsohon mai gyara na Tsohuwar Kasuwar Sakkwato, abin da zai fara tambaya shi ne wace taya ce ke tura wace. Shi a wurinsa duk haƙorin da ya ɗauko daga gwangwani dole ya ciji na kusa da shi, in ba haka ba Alhaji zai dawo gobe da agogonsa a hannu yana neman kuɗinsa. Ta wannan fuska ya fi kusa da Al-Jazari, injiniyan da ya bayyana agogonsa na giwa mai aiki da ruwa a littafinsa na 1206, wanda kowane tsuntsu da maciji da ke jikinsa yana da aikin da yake yi.

Gwangwanayen nan kuwa tarihi ne da ba a rubuta ba. Wanda ya zazzage ɗaya a kan tabarma zai ga zamanin kantin Turawa, da zamanin jirgin alhazai, da na Udoji, da na roba, a jere cikin tsatsa. Yawancinsu yanzu hannun 'yan jari-bola suke faɗawa idan mai tebur ya rasu ko ya tsufa, a auna a kilo tare da tsohuwar waya da murfin tukunya, a tura Kano a narke. Rashin tsaro ma ya taɓa yawon cin kasuwa da irin waɗannan masu sana'a suka dogara da shi. Tun harin ƙauyen Tabanni na Yulin 2018, wanda ya koro jama'a da dama zuwa Gandi, hanyoyin gabashin Sakkwato ba su koma yadda suke ba.

Waɗanda suka rage a kan tebur yau, abincinsu batir ne da rage sarƙa da sa gilashi, sai jefi-jefi wani ya kawo Seiko na mahaifinsa yana so a tashe shi. Wani sabon aiki kuma ya samu. Masallatai da yawa sun sayi allon lantarki mai jajayen lambobi da ke nuna lokutan salla biyar, wasu har da kiran salla. Irin wannan allo sai an shigar masa da garin da yake, ko darajojinsa, kafin ya yi daidai. Idan aka bar shi a kan lissafin Kano, wadda ke gabas da Gandi da kusan daraja 3, zai riƙa kiran magariba da saura minti 11 ko 12 rana ta faɗi, abin da ba ƙaramar magana ba ce a watan azumi. Akan ɗauko mai gyaran agogo ko yaron da ke gyaran waya ya zo ya danna maɓallan, liman da ladan suna tsaye a kansa, su gwada abin da allo ya ce da faɗuwar rana ta wannan yammacin kafin su yarda a mayar da shi bango.